Alewa, Nakiya, Dakuwa: Mene Ne Bambancinsu?

Wata mai sauraronmu daga unguwar Gwadabawa a Jimeta, Jihar Adamawa, tana tambaya: shin alewa da nakiya da dakuwa duk abu ɗaya ne?

Hajiya, mun gode. Alewa kalma ce da ta samo asali daga Larabci, ma'anarta abin zaƙi. Sukari ake dafawa har ya yi danƙo ya daskare, shi ne alewa. Nakiya kuwa haɗi ce: shinkafa ake dakawa da zuma ko sukari, da man shanu da kayan ƙamshi, ita ake kai wa amarya cikin gara. Dakuwa ita ma haɗi ce, ta aya ko gyaɗa da sukari. Alewa dafawa, nakiya da dakuwa dakawa.