Wutar Ko-ta-kwana a Gida Mai Sarrafa Kansa

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da gida mai sarrafa kansa shi ne gidan da aka haɗa fitilunsa da makullansa da kamarorinsa da wata 'yar na'ura mai ba su umarni, har mai gida ya iya juya su da wayarsa ko da yana wani gari. Duk wannan hikima a kan wutar lantarki ta dogara. Ɗauke wuta kuwa ba baƙon abu ba ne a Nijeriya, tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har bayan 2013 da aka sayar wa 'yan kasuwa kamfanonin rarraba wuta. A Oktoba 2024 ma jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Wannan maƙala za ta duba hanyoyin tanadin wuta ga irin wannan gida, da yadda ya kamata a zaɓe su.

2.0 Abin da Bai Kamata ya Mutu ba

Kuskuren da akan yi shi ne a ɗora wa batir dukkan kayan gida, har da firji da dutsen guga. Abin da ya dace shi ne a ware waɗanda tsaron gida ya rataya a kansu, watau na'urar umarni da ta intanet da kamarori da ƙararrawa da makullai. Su makullan iri biyu ne. Mai maganaɗisu yakan saki ƙofa da zarar wuta ta yanke, ɗayan kuwa yakan zauna a kulle. Na farko dama ce ga ɓarawo, na biyu kuma hatsari ne ranar gobara, muddin ba a yi masa mariƙin buɗewa ta ciki ba.

3.0 Hanyoyin Tanadi

Ta farko ita ce na'urar riƙon ƙwarya, wadda masu sana'ar ke kira UPS. Takan karɓi aiki kafin ƙiftawar ido, saboda haka na'urori ba sa mutuwa, sai dai batirinta ƙarami ne.

Ta biyu ita ce inbata da manyan batura. Batirin darma, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859, ya fi araha, amma idan ana zuƙe fiye da rabin cajinsa yakan lalace da wuri, kuma zafin bazara yana rage masa kwana. Batirin litiyam ya fi tsada, ya kuma fi jure zuƙa da daɗewa.

Ta uku ita ce farantin sola, mai cika batir da rana. Lalle ne a riƙa goge shi, musamman da hunturu, domin ƙura tana rage masa ƙarfi.

Ta huɗu ita ce janareta. Yana ɗaukar kaya masu nauyi, amma ko mai tayar da kansa yakan ɗauki wasu daƙiƙoƙi, a nan kuwa na'urori sun riga sun mutu. Hayaƙinsa kuma yana kisa, don haka ba a kunna shi a ɗaki ko a rufaffen zaure.

4.0 Misalin Lissafi

A ɗauka na'urar intanet tana shan wat 10, ta umarni wat 5, kamarori biyar kuma wat 5 kowacce. Jimla wat 40 ke nan. Batirin darma mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200. Rabinsa 600 ne, wanda zai riƙe waɗannan kaya awa 15, ko ƙasa da haka kaɗan saboda abin da inbata ke ci. Idan aka ƙara kayan wat 160 a kai, sai lokacin ya dawo awa 3 kacal.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa babu hanya ɗaya da ta wadatar. UPS na tare giɓin nan na farko, batir ya riƙe dare, sola ko janareta su mayar masa da abin da ya zuba. Sa'an nan ya kamata mai gida ya riƙa kashe wutar gidansa da gangan lokaci-lokaci, ya ga abin da zai tsaya da wanda zai faɗi, ya kuma ajiye mabuɗin ƙarfe a kusa. Hausawa dai sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.