Mai Binciken Kuɗin Tallafi: Ɗan Leƙen Asiri Ne?

 

Shekaranjiya bayan sallar isha'i wani ɗalibina ya tsare ni a ƙofar masallaci. An ɗauke shi aikin tantance masu karɓar tallafi, watansa biyu ke nan yana yawo a kan babur cikin ƙauyukan Babura da jakar takardu. Ya ce, "Malam, wallahi barci ya ƙaurace mini. Ana kirana ɗan leƙen asiri, jiya ma wata tsohuwa ta ja mini Allah ya isa. Ga shi Allah ya hana bin diddigin sirrin mutane. Albashin nan nawa halal ne kuwa?" Na ga amsar ba tasa ba ce shi kaɗai, shi ya sa na kawo ta nan. Ni ma an taɓa sanya ni a kwamitin tantancewa na mazaɓarmu, don haka ba labari aka ba ni ba.

Tallafi ba sabon abu ba ne a Jigawa. Tun 2007, zamanin Sule Lamido, aka fara bai wa masu buƙata ta musamman naira 7,000 duk wata. A 2016 gwamnatin tarayya ta fito da nata, na naira 5,000 ga gidaje marasa ƙarfi, wanda a lokacin ake haɗawa a biya 10,000 duk wata biyu. Duk inda aka buɗe rumbu kuwa sai ɓera ya shinshino. Mun ga sunan mamaci yana karɓa. Mun ga mutum ɗaya da suna biyu. Mun ga mai shanu da injin niƙa ya shiga layin gajiyayyu, mun ga wakili ya riƙe katunan tsofaffi yana ciro musu kuɗi yana yanke "na shayi".

To, tantancewa tana da asali a shari'a? Tana da shi, kuma mai ƙarfi. A Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya bayyana wa Ƙabisa ɗan Mukhariƙ mutum uku da roƙo ya halatta gare su, ɗayansu shi ne wanda talauci ya auka masa har mutum uku masu hankali daga mutanensa suka shaida hakan. Ka ga shaidar mutanen unguwa ke nan, irin wadda ake nema yau wajen mai unguwa da liman. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa wasu mutum biyu sun zo neman sadaka a Hajjin Bankwana, Annabi (SAW) ya dube su sama da ƙasa, ya ga majiya ƙarfi ne, ya sanar da su cewa mawadaci da mai ƙarfin nema ba su da rabo a ciki. Shi kansa rabon zakka, a suratut Tauba aya ta 60, akwai kason masu yi mata aiki. Saboda haka na ce wa ɗalibina albashinsa halal ne. Kuɗin tallafi dukiyar baitulmali ce, cin ta ba bisa haƙƙi ba gululi ne, kuma wanda aka ɗora wa tsaron ta ibada yake yi in ya gyara niyya.

Tajassusin da aka hana a aya ta 12 ta suratul Hujurat shi ne tono abin da mutum ya rufe wanda bai shafi haƙƙin kowa ba. Wanda ya rubuta sunansa ya ce ni gajiyayye ne a ba ni, ai shi ya kawo da'awa, kuma mai da'awa ana tambayarsa hujja. Amma iyakarka da'awar. An aike ka ka duba ko mutumin yana raye, ko yana da sana'a, ko sunansa ya fito sau biyu. Ba a aike ka ka san me ke tsakaninsa da matarsa ba, ba a kuma ce abin da ka gani a ɗakinsa ka kai majalisar mai shayi ba. In ka wuce nan, to ka shiga abin da mutane suke kiranka da shi.

Akwai abin da masu wannan aiki ba su cika lura da shi ba. Aya ta 6 ta wannan surar, wadda ta yi umarni da a tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi, da yawa daga malaman tafsiri sun ce ta sauka ne a kan rahoton ma'aikacin da aka tura karɓo zakkar Banul Musɗaliƙ, ya dawo da labarin da ba haka yake ba. Wato rahoton ma'aikaci ma abin bincike ne. Kishiya za ta raɗa maka magana, ɗan wata jam'iyya zai raɗa maka, maƙwabcin da suke rigimar iyakar gona zai raɗa maka. Kada ka soke sunan kowa sai ka zauna da shi ka ji ta bakinsa. Alƙalaminka ɗaya, wani gidan ya kwana ba a ɗora tukunya ba.

Batun kyauta ba sai na tsawaita ba, kun san ƙissar Ibnul Lutbiyya a Bukhari da Muslim. Zabin nan biyu da za a ɗaure maka a bayan babur, tambayi kanka, da kana zaune a gidanku za a kawo maka su?

Yanzu bari in faɗi nawa. A lokacin kwamitinmu mun je wani gida inda sunan wani makaho yake a takarda. Ashe ya rasu wata 5 da suka wuce, matarsa ce take ci gaba da karɓa. Na ce, "Inna, kin san kuɗin nan na mai rai ne?" Ta ce, "Na sani, Malam. Da ya mutu cikin yaran nan bai mutu ba." Marayu huɗu suna tsaye suna kallonmu. Na soke sunan marigayin, domin ba zan sa hannu a kan ƙarya ba. Amma a takardar na rubuta halin da muka tarar, na nemi a saka ta da sunanta. Abin da ta ci a baya, asali bashi ne a kanta, sai dai wanda ba shi da halin biya ana yi masa jinkiri, hukuma kuma tana da ikon yafewa. Sai na tuna abin da Ibnu Sa'ad ya kawo game da Sayyidina Umar: ya ji jariri yana ta kuka da dare, ya gano uwar tana gaggawar yaye shi ne saboda ba a ba yaro kaso sai an yaye shi. Bai hukunta ta ba. Dokar ya sauya, aka koma ba kowane jariri tun daga haihuwa. Wani zamban tsarin ne yake haifar da shi, kuma mai bincike na ƙwarai yana rubuta wannan ma.

A wannan takardar dai, shafi biyu gaba, na ga sunayen matan wani babban mutum su uku. Shi ya yi mana rufin masallaci. Na karanta, na juya shafin, ban ce uffan ba. Na iya da matar makaho, na kasa da mai rufi. Sai bayan mako guda, da abin ya hana ni sakat, na koma wajen shugaban kwamiti na faɗa. An cire sunayen, mutumin kuma har yau gaisuwarmu daga nesa ce. Amma wannan makon da na yi shiru ina neman gafarar Allah a kansa, don da na mutu a cikinsa ban san me zan ce ba.

Kuma ku tuna Janairun 2024. Shugaba Tinubu ya dakatar da ministar jinƙai Betta Edu kan batun naira miliyan 585 da aka ce an nemi a tura asusun wani mutum, aka dakatar da shirye-shiryen tallafin gaba ɗaya, EFCC ta shiga bincike. Ba na yanke wa kowa hukunci, wannan aikin kotu ne. Abin da nake so ɗalibina ya lissafa shi ne, 5,000 nawa ne a cikin miliyan 585? Kuma da aka tsayar da biya, waɗanda suka fara jin yunwa su ne mutanen da yake zagayawa a Babura da Roni da Gwiwa, waɗanda ba su taɓa ganin Abuja ba.

Na ce masa kada ya ajiye aikin. Tsohuwar da ta ja masa Allah ya isa kuwa, na tambaye shi ko ya ji ta bakinta kafin ya soke ta. Ya sunkuyar da kai ya ce ɗan maƙwabcinta ne ya ba shi labari. Gobe in sha Allahu bayan sallar asuba tare za mu koma ƙauyen, ni da shi.

Wallahu a'alamu.