Mene ne E10, kuma me ya sa kamfanonin mai ke adawa da shi?

Mai shagon cajin waya a Na'ibawa ya san ribarsa tana hannun farashin fetur, kamar yadda masana'antun Sharada, Challawa da Bompai ke kwana da lissafin dizal. To akwai man da ake nomawa a gona.

E10 fetur ne da aka gauraya da kashi 10 cikin 100 na itanol, sinadarin da ake samu idan aka tsima rake, rogo ko masara sannan aka tace. Tun 2007 Najeriya ta fitar da manufar amfani da E10, da kuma B20, wato dizal mai kashi 20 na man tsirrai irin su bini-da-zugu. Har yanzu maganar ta fi yawa a takarda.

Idan doka ta tilasta haɗin, cikin kowace lita goma, kuɗin lita ɗaya ya bar matatar mai ya koma wajen manomi. A nan rigimar take. Amurka ta kafa irin wannan doka a 2005, ta faɗaɗa ta a 2007. Da hukumar kare muhalli ta ƙasar ta amince da E15, ƙungiyar kamfanonin mai ta API ta garzaya kotu, tana cewa zai lalata injina.

Hujjar ba ƙarya ce zalla ba. Itanol yana jan ruwa daga iska, kuma ƙarfinsa bai kai na fetur ba. Ƙaramin janareta da aka bar mai a cikinsa wata da watanni, kafireto ne zai fara toshewa. Amma Brazil ta fara shirinta tun 1975, motocinta na shan haɗin da ya haura kashi 25.