Yadda Ake Zaɓar Manhajar Tsaro ga Kwamfutar Gida

Tambayar da aka fi yi wa masu gyaran kwamfuta ita ce wace manhajar tsaro ta fi ƙarfi. Amsar da ta dace da mai kwamfuta a Gusau, Tsafe ko Bungudu ita ce: wadda za ka iya sabunta ta kullum. Mai gadin da bai san fuskar ɓarayin bana ba, komai girman sandarsa, ƙofa a buɗe take.

Matakin farko, ka san abin da kake gudu. Manhajar leƙen asiri ɓoyewa take yi tana naɗe abin da ka rubuta, har da lambar sirrin banki, ta aika wa mai ita. Sauran miyagun manhajoji kuwa lalata takardu suke yi, ko su kulle su sai an biya fansa. A da kowace da maganinta: Windows Defender ya fito a 2006 don leƙen asiri kaɗai, sai a 2012, da zuwan Windows 8, ya haɗa aikin biyu. Yau duk manyan manhajojin haka suke, don haka babu dalilin sayen guda biyu.

Mataki na biyu, ka duba abin da ke cikin kwamfutarka. Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender kyauta. Buɗe Windows Security, ka tabbata alamomin kore ne, ka dubi ranar sabuntawa ta ƙarshe. Wani zai ce araha ba ta ado, gara Avast ko Kaspersky. Amma cibiyoyin gwaji irin AV-TEST ta Jamus suna sanya Defender a sahun gaba, kuma sanannen suna ba shi ne amana ba: a 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci tarar Avast dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan yawon mutane a intanet. Mafi muni ita ce manhajar tsaro ta satar fasaha da ake ɗora wa mutum a shago, domin da zarar ta shiga Defender yakan ja gefe ya bar mata aiki, ita kuma ba lallai ta sake sabuntuwa ba.

Mataki na uku, ka tsare wata ƙofa da cutar kwamfuta ke yawan bi, wato filashi. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau ya kai aikinsa shagon buga takardu, ya dawo gida ya tarar jakunkunansa sun rikiɗe, kowace da 'yar kibiya a gindinta. Kada ya taɓa ko ɗaya, danna su ne ke tayar da cutar. Ya danna maɓallin dama a kan filashin, ya sa Defender ya bincike shi, sannan ya umarci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun takardu. Galibi suna nan, ɓoye su aka yi. Smadav ta Indunusiya ta yi suna a wannan aiki, kuma a matsayin mataimakiya aka gina ta, ba babban mai gadi ba.

Mataki na huɗu, ka ajiye mai bincike na biyu. Malwarebytes na kyauta ba ya tsaron dare da rana, sai ka kira shi, shi ya sa ba ya karo da Defender. Sau ɗaya a wata ya isa. Masu gadi biyu na dindindin kuwa nauyi kawai suke ƙara wa tsohuwar kwamfuta, ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Mataki na biyar, ka ware wa sabuntawa data. Za a ce data ta yi tsada, sabis kuma ba tabbas. Jama'ar Zamfara ba su manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Wannan hujja ce ta sabuntawa duk ranar da sabis ya samu, da kuma kwafe muhimman takardu a wani faifai na daban. Mai Windows 7 ya sani Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta ya cika a Oktoban 2025. Wanda ke kan waɗannan, kuɗin da zai sayi manhajar tsaro gara ya tara su ya koma sabuwar Windows, domin gadi ba ya hana ɓarawo shiga gidan da katangarsa ta faɗi.