Darasin Mako: Tashi da Faɗuwar Kamfanin Rooster Teeth

'Yan'uwa ɗalibai, darasinmu na wannan mako ya kai mu jihar Texas ta Amurka. A can ne Burnie Burns da abokansa suka kafa kamfanin Rooster Teeth a 2003. Ba su da 'yan wasa, ba su da kayan aiki masu tsada. Wasan bidiyo na Halo suke kunnawa, su naɗi motsin sojojin ciki, sannan su ɗora musu muryoyinsu na barkwanci. Haka shirin Red vs. Blue ya fito a intanet, shekara biyu kafin a kafa YouTube. Masu kallo ne suka riƙe kamfanin, suna biyan kuɗin rajista, suna sayen riguna da faya-fayan DVD.

Inda muke so ku lura shi ne cinikin 2014, lokacin da aka sayar da shi ga kamfanin Fullscreen. Kuɗi sun shigo, ma'aikata sun ƙaru, amma wuƙa da nama sun bar hannun waɗanda suka kafa shi. Ya yi ta sauya ubangida har ya faɗa hannun Warner Bros. Discovery, wanda a ganinmu bai ɗauke shi a bakin komai ba, illa ɗan reshe a littafin riba da asara. Ga shi kuma hankalin masu kallo da kuɗin talla sun karkata wasu wurare.

A watan Maris na 2024 aka sanar da rufe shi, ma'aikata kusan 150 suka rasa aikinsu. A 2025 Burns ya dawo ya sayi sunan kamfanin da shi da kansa ya kafa.