Hukuncin Zargin Macen Da Aka Samu Da Cutar Ƙanjamau

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ƙasar Yawuri, tun daga Yelwa har Wara ta Ngaski da ƙauyukan Shanga, akwai wata mas'ala da takan auku cikin gidaje, ba a kuwa cika kai ta gaban malamai ba. Mace mai ciki ta je awo asibiti, a ɗebi jininta, a same ta da ƙwayar HIV, wadda in ta ci ƙarfin jiki ake ce mata ƙanjamau. Tun kafin ta isa gida, tsoron abin da za a ce ta aikata ya riga ya danne mata tsoron ciwon.

Mace ce akan fara ganowa, domin ita ke zuwa awo. Maza da yawa a bakin tafkin Kainji masunta ne da fatake, sukan yi watanni ba su gida, kuma ba safai suke zuwa gwaji ba. Sai a ɗauka ita ta kawo cutar. Alhali kuwa ƙwayar tana iya zama cikin jiki shekaru da dama ba alamar komai, ana kuma ɗaukarta ta hanyar kwanciyar aure, ko ƙarin jinin da ba a tace ba, ko allura da askar da ba a tsabtace ba, ko daga uwa zuwa jariri. Takardar gwaji ba ta faɗin ranar da cutar ta shiga, balle ƙofar da ta biyo. Saboda haka ba ta zama shaida a kan matar ba, haka nan a kan mijinta.

To, a nan shari'a ta yi tsanani ƙwarai. Aya ta 4 ta Suratun Nur ta hukunta cewa wanda ya jefi kamilar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, za a yi masa bulala 80, a kuma daina karɓar shaidarsa. Wannan shi ne ƙazafi. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo cikin Risala, ko da habaici aka yi, muddin manufar ta fito fili, haddi ya hau kan mai yinsa. Watau kishiyar da ke yada magana a tsakar gida, da uwar mijin da ke cewa kowa ya san inda ake samo irin wannan ciwo, sun taka wuri mai hatsari, ko da suna ganin baki kawai suka motsa. Miji ma bai tsira ba: in ya zargi matarsa ba shaidu, sai dai li'ani a gaban alƙali. Cikin surar nan ce kuma Allah Ya wanke Nana A'isha daga ƙagen munafukai, Ya kuma tsawata wa waɗanda suka riƙa karɓar zancen suna yaɗawa.

Gudun wannan zargi ne ke sa mata ɓuya. Wata ta juye maganinta cikin kwalbar wani magani, wata ta fake da cin kasuwar Yelwa, ta shiga kwale-kwale ta je karɓo shi inda ba a san ta ba. Mai rabo takan sami uwa ko 'yar'uwa da za ta riƙe mata sirri, ko ta haɗu da mata irinta a asibiti su riƙa ƙarfafa wa juna gwiwa. Wadda ta rasa kuɗin jirgi ko dalilin fita kuwa, sai ta bar shan magani, kuma nan ne asarar take. Tun 2006 ake ba da maganin kyauta a asibitocin gwamnatin Nijeriya. Mai shansa kullum takan rayu cikin ƙoshin lafiya, in ƙwayar ta kwanta har gwaji ya kasa ganinta ba ta sa wa mijinta. Ba tare da magani ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan ɗauki cutar daga uwayensu. Da magani adadin kan faɗi ƙasa da 5.

Game da ware mata kwano da tabarma, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta duba lamarin a zamanta na Abu Dhabi cikin 1995, ta ce ware mai cutar bai wajaba ba, tun da ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko gaisawa, kuma ba a raba uwa da renon ɗanta saboda ita. Dokar Nijeriya ta 2014 ma ta hana nuna wa masu cutar bambanci.

Sai dai ita ma akwai hakki a kanta. Bai halatta ta bar mijinta da abokan zamanta cikin duhu ba, domin shari'a ta hana cutarwa. In tana tsoron abin da zai biyo baya, ta nemi ma'aikaciyar asibiti ko malami mai amana su zaunar da shi, a gwada shi, a gwada sauran matan da yara. In watan azumi ya kama, kada ta ajiye magani don gudun ido; mafi yawansa ƙwaya ɗaya ce a yini, likita na iya mayar mata da lokacin sha bayan buɗe-baki.