Cikar Ciki da Ginin Jiki: Nazari a Kan Abincin Magidanta a Mubi Lokacin Annobar Korona

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗalibi ba ya karatu, manomi ba ya huɗa, ɗan kasuwa ba ya ciniki sai da abin da aka sa wa ciki. Sai dai ba duk abin da ya cika ciki ne yake gina jiki ba. Annobar korona da ta game duniya a shekarar 2020 ta fito da wannan bambanci a fili, domin ta zo da dokar kulle da tsadar kaya, ta kuma sauya abin da ake ɗorawa a kan murhu a gidaje da yawa.

Wannan maƙala za ta duba abubuwa uku da yadda suke cuɗanya da juna, wato ingancin abinci, da sarrafaffen abinci na kamfani, da ƙarancin abinci a gida. An ɗauki garin Mubi na Jihar Adamawa a matsayin fagen nazari.

2.0 Ma'anar Kalmomi

2.1 Wadatar Abinci da Ƙarancinsa

Taron ƙoli kan abinci da aka yi a birnin Rum a 1996 ya bayyana cewa ana samun wadatar abinci ne idan kowane mutum, a kowane lokaci, yana da halin samun abinci isasshe, mai tsafta, mai gina jiki. Masana sun ɗora wannan ma'ana a kan ginshiƙai huɗu: samuwar abincin, da ikon mallakarsa, da amfanin da jiki ke yi da shi, da ɗorewar waɗannan ukun. Ke nan kasuwa na iya cika maƙil da hatsi alhali gida yana cikin ƙarancin abinci, muddin aljihun maigida ba ya kai wa ga kwanon awo.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, tana auna wannan matsala da tambayoyi 8. Sukan fara da fargabar ƙarewar abinci, su bi ta kan rashin cin mai gina jiki da cin iri ɗaya kullum, su gangara ga tsallake cin rana ko na dare, su tuƙe a kan wuni guda babu ci. Jerin ya nuna cewa inganci ne ke fara faɗuwa kafin yawa. Nama kan ɓace daga miya tun kafin malmalar tuwo ta ragu.

2.2 Ingancin Abinci

Hanya mai sauƙi ta auna inganci ita ce ƙirga rukunin abincin da mutum ya ci a wuni ɗaya. Ma'aunin da FAO ke amfani da shi ga mata masu shekara 15 zuwa 49 ya kasa abinci rukuni 10: hatsi da saiwoyi irin su rogo da doya, wake da danginsa, gyaɗa da riɗi, nono da madara, nama da kifi, ƙwai, koren ganye, kayan lambu da na marmari masu bitamin A, kamar karas da kabewa da nunannen mangwaro, sauran kayan lambu, sauran 'ya'yan itatuwa. Macen da ta ci daga rukuni 5 ko fiye ana kyautata zaton jikinta ya sami abin da yake bukata.

2.3 Sarrafaffen Abinci

Farfesa Carlos Monteiro da abokan aikinsa na Jami'ar Sao Paulo a ƙasar Birazil sun fito da rabe-raben da ake kira NOVA, wanda ya kasa abinci gida huɗu. Na farko shi ne wanda ba a sarrafa ba ko aka ɗan sarrafa, kamar dawa da wake da kindirmo da busasshiyar kuɓewa. Na biyu kayan girki, wato mai da gishiri da suga. Na uku wanda aka haɗa na farko da na biyu don ya daɗe, kamar kifin gwangwani. Na huɗu shi ne wanda kamfani ya sarrafa matuƙa, ya ƙara masa launi da ƙamshi da sinadaran hana lalacewa, irin su lemon kwalba da biskit da alawa da taliyar leda mai zuwa da ƙunshin ɗanɗanonta.

Ya kamata a lura cewa sarrafa abinci ba laifi ba ne a kan kansa. Daddawa da ƙuli-ƙuli da kilishi da garin kuka duk sarrafawa ce, kuma da ita kakanninmu suka riƙa tsallake bazara. Inda gizo ke saƙa shi ne rukuni na huɗu idan ya maye gurbin tuwo da miya.

3.0 Mubi Kafin Zuwan Annoba

Mubi gari ne da ke gindin duwatsun Mandara, a gaɓar kogin Yedzaram, daf da iyakar Nijeriya da Kamaru. Ƙananan hukumomi biyu ne suka raba shi, Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Gude da Fali da Njanyi da Fulani da Margi da Higi da Hausawa duk suna zaune a cikinsa da kewayensa. Ana noma dawa da masara da gyaɗa da wake da shinkafa. Kasuwar shanunsa tana cikin manya a arewa maso gabas, daga nan ake lodin dabbobi zuwa kudancin ƙasa. Haka kuma garin yana da Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, waɗanda ɗalibansu ke riƙe da cinikin masu abinci da masu shago da masu Keke Napep.

Annoba ta tarar da garin bai gama farfaɗowa daga wata masifar ba. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi, jama'a suka watse, aka yi asarar dukiya da amfanin gona kafin a ƙwato garin a watan Nuwamba. Bugu da ƙari, tun watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, abin da ya taɓa duk garin da ke cin abinci da cinikin kan iyaka. A ƙasa baki ɗaya kuwa, binciken lafiyar al'umma na 2018 ya gano cewa kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kashi 58 cikin ɗari na mata kuma suna fama da ƙarancin jini.

4.0 Yadda Annoba Ta Shiga Madafa

An tabbatar da ɓullar cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020 a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annoba. Kafin ƙarshen watan an rufe makarantu, Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri kuma ya sanya dokar kulle ta mako biyu a Adamawa. A watan Afrilu aka sami mutum na farko da ya kamu a jihar, aka sake kulle. Daga watan Mayu gwamnatin tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a ɗage ba sai ranar 1 ga Yuli.

Waɗannan matakai sun bi ta hanyoyi huɗu zuwa tukunyar talaka. Ta farko ita ce yankewar samu. Mai tura baro da tela da mai shayi da dillalin shanu duk sai sun fita suke samun na cefane. Binciken wayar tarho da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Bankin Duniya a Afrilu da Mayu na 2020 ya nuna kashi 79 cikin ɗari na gidaje sun ce samunsu ya ragu. Ta biyu ita ce tsada. Hauhawar farashin abinci tana kusan kashi 15 cikin ɗari a Maris 2020, ta haura kashi 19 a Disamba, ta kusan kai kashi 23 a Maris 2021. Ta uku ita ce sufuri. Doka ta yarda motocin abinci su wuce, amma shingayen hanya sun jawo jinkiri da ƙarin kuɗin mota, kuma kayan gwari da nono ba sa jira. Ta huɗu ita ce lokacin da abin ya faɗo. Kulle ya zo ne a bazara da goshin damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, manomi na neman kuɗin iri da taki, ga kuma azumin Ramadan da ya kama a ƙarshen Afrilu.

5.0 Dalilin Karkata Ga Abincin Leda

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa mai ƙaramin ƙarfi zai koma ga abincin kamfani? Dalilan a bayyane suke. Ana sayar da shi ƙulli-ƙulli daidai kuɗin hannu. Yana nuna cikin 'yan mintuna, ba ya cin gawayi kamar wake. Ba ya lalacewa ko babu wutar lantarki. Yana nan a shagon unguwa ko an rufe babbar kasuwa, mai shago kuma kan ba da bashi. Yara ma suna son sa. Uwar da ta zaɓe shi ba wauta ta yi ba, lissafi ta yi a cikin ƙunci, da babu gara ba daɗi.

Kayan tallafi su ma wannan hanyar suka bi. Gwamnatin tarayya ta ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunanta. Gamayyar 'yan kasuwa ta CACOVID ta tanadi shinkafa da taliya da garin rogo da suga da gishiri. Kusan duka masu ba da kuzari ne kawai. Da aka fasa ɗakunan ajiya a Yola da wasu birane a watan Oktoba na 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, irin waɗannan buhuna da katan-katan ne aka ga mutane suna ɗauke da su.

Bari mu gwada ma'aunin rukuni 10 a kan misalin gidaje biyu. Gida na farko ya karya da burodi da baƙin shayi, da rana taliyar leda, da dare garin kwaki da suga. An ci sau uku, amma rukuni 1 ne tak. Gida na biyu ya karya da kunun gyaɗa, da rana dambu da zogale, da dare tuwon dawa miyar kuɓewa da busasshen kifi, yara suka sha mangwaro. Wannan rukuni 6 ne, kuma babu abin da ba a samu a kasuwar Mubi.

6.0 Illolin da Ke Biyo Baya

Illa ta farko ita ce ɓoyayyiyar yunwa, wato ciki a cike amma jiki ba ya samun furotin da sinadarin ƙarfe da bitamin. Ta fi cutar da mai juna biyu da yaro a kwana 1,000 na farkon rayuwarsa, daga shigar ciki zuwa cikarsa shekara biyu. Tsumburewar da ta kama yaro a wannan tsakani da wuya ta gyaru daga baya.

Ta biyu ita ce gishiri da suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya, ya kuma ci giram 400 na kayan lambu da na marmari. Dunƙulen miya da ƙunshin ɗanɗanon taliya gishiri ne ya yi musu yawa, yawan gishiri kuwa yana jawo hawan jini. A wani gwaji da Kevin Hall ya jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2019, mutum 20 sun ci abincin rukuni na huɗu mako biyu, suka ci wanda ba a sarrafa ba mako biyu. A makonnin abincin kamfani sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. Abin lura a nan shi ne masu hawan jini da ciwon suga da ƙiba suna cikin waɗanda korona ta fi yi wa mugun kamu.

7.0 Shawarwari

Ga magidanta, a koma ga busar da zogale da rama da yakuwa da kuɓewa a lokacin arha, a busar da ganye a inuwa don kada amfaninsa ya ragu. A riƙa haɗa hatsi da wake ko gyaɗa ko waken suya, musamman a kunun yara. A rage dunƙule, a ƙara daddawa. Idan an dafa taliyar leda, a zuba rabin ƙunshin ɗanɗanon, a sa ƙwai ko ganye. Wajen sayen man girki da fulawa da suga a duba tambarin ido na bitamin A da lambar NAFDAC.

Ga hukuma kuwa, duk tallafin da za a raba a gaba ya ƙunshi wake da gyaɗa da mai, a kuma saya daga manoman yankin. Idan kulle ya zama dole, a ware ranakun kasuwa sanannu, a buɗe wa kayan gwari da nono hanya. Ɗalibai su ma suna da rawar takawa, ta hanyar tattara sunayen ganyaye da hanyoyin adana su daga bakin tsofaffi, cikin Hausa da Fulfulde da Gude da Fali, kafin ilimin ya tafi da masu shi.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙarancin abinci yakan fara ne da faɗuwar inganci, kuma kulle da tsada da yanayin tallafi sun tura gidaje ga abin da ke cika ciki da arha. Ranar 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan korona. Amma bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen wannan watan, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, magidanta suka sake shiga irin lissafin da suka yi lokacin kulle. Saboda haka ma'aunin rukuni 10 bai tashi aiki ba. Yana da kyau kowane ɗalibi ya ƙirga abin da aka ci a gidansu jiya, ya ga ko an kai 5, domin rigakafi ya fi magani.